Kabarin Auta a Bayan Rumbu

An haƙa kabarin ƙanena tun kafin kowa ya tambaya ko gawarsa tana hannu. Kafin in samu mashin daga Kafanchan, inda nake koyarwa a firamare, in isa ƙauyenmu, samarin gida sun riga sun nutse a rami har ƙugu, jar ƙasa ta taru tsibi a bayan rumbun Mama, kusa da kabarin Babanmu. A ranar ban ga laifin kowa ba. Yau ma ba zan iya nuna mutum ɗaya in ce shi ne ba, amma in na tuna sai in ji kamar in cafki wani in yi ta girgizawa.

A wajenmu ba a roƙon kowa ya haƙa kabari, ba a kuma biyan kowa. Da zarar kukan mata ya tashi, babban gida zai ɗauki diga ya sari ƙasa sau ɗaya a inda za a kwantar da mutum, samari su karɓa. Abin kunya ne gawa ta iso ta tarar ba a shirya mata wuri ba, sai a ce gidan babu maza. Wanda ruwa ya ci kuwa ba a ajiye shi a mutuware a jira dangi su zo daga Kaduna da Abuja a ɗinka anko. Jikinsa ba ya jira, daga mota sai rami. Kuma duk mun san halin ruwa, ko in ce muna tsammanin mun sani. Koginmu yakan ci mutum, tsofaffin ramukan kuza ma suna ci, amma ba sa riƙewa. Kwana biyu, uku, sai a ga mutum ya taso ya maƙale a saiwar itace, a je a ɗauko shi. Da wannan sanin ne Baba ƙarami, ƙanen mahaifinmu, ya sari ƙasa da safen nan. An buga masa waya daga Legas aka ce ɗan wansa ya shiga ruwa bai fito ba, ana ƙoƙarin fito da shi. Tsoho ya lissafa a ransa: yau a fito da shi, gobe mota ta kama hanya, jibi a yi biso. Ya auna teku da mudun rafin bayan gida.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu, ni ce babba, ni na goye shi. Tun yana yawo ba wando ruwa ya shiga kansa. Mama ta doke shi har hannunta ya gaji. Zai dawo ya rantse bai je rafi ba, alhali idonsa jajir, fatarsa ta yi fari fat. Da ya girma kaɗan sai ya koma tafkin da ke ƙarƙashin magangarar ruwan nan ta kusa da Kafanchan, inda mutane ke zuwa shan iska ranar Kirsimeti da Ista. In agogon wani ya faɗa, ko makullin mota, shi ake nema. Zai ja numfashi ya ɓace, a yi ta jira, a yi ta jira, sai mata sun fara kiran sunan Yesu sannan a ga kansa ya ɓullo yana washe baki, abin yana hannunsa. Na sha cewa da shi, "Kai dai da gangan kake yi, ɗan banza, so kake zuciyar mutane ta tsaya." Sai ya yi dariya.

Da ya gama sakandare babu abin yi, ya bi wani ɗan unguwarmu zuwa Legas. Can ya samu aiki wajen wani mutum mai ƙaramin jirgin ruwa da ke ɗaukar baƙi masu kuɗi da rani, lokacin da ruwa ke washewa, ya kai su su kalli duwatsun ƙarƙashin teku da tsofaffin jiragen da suka nutse kusa da gaɓa. Aikin autanmu shi ne ya yi iyo tare da su, ya riƙe hannun matsorata. A Kirsimetin shekarar ya dawo gida da kayan aikinsa a jaka: wani gilashi mai roba da ke rufe ido da hanci, da ɗan lanƙwasasshen bututu da ake cizawa a baki a riƙa numfashi fuska tana cikin ruwa, da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Yaran ƙauye suka bi shi ɗuu zuwa rafi. Ni kuwa wanki na je yi, ya tare ni.

"Yaya Malama, yau za ki ga abin da babu shi a littafinki."

Na ce, "Ka ga, auta, ka fita idona. Ni da 'ya'yana uku zan kifa kai a rafi a gaban yara? Ka raina ni."

Bai ko saurare ni ba. Ya tofa miyau a gilashin ya murza da yatsa, ya ɗauraye.

"Kai, ƙazami! Shi za ka ɗora mini a fuska?"

"In ba a yi haka ba hazo zai rufe miki ido. Sunkuya kawai, ina riƙe da ke."

Na farko na shaƙi ruwa, na ɗago ina tari ina zaginsa, yara suna ta ƙyalƙyata dariya. Na biyu kuwa sai na gani. Rafin da nake wanki a cikinsa tun ina yarinya, ashe ban taɓa ganinsa ba. Duwatsu kowanne da launinsa, yashi yana gangarawa a hankali, ƙananan kifaye sun jeru sun fuskanci inda ruwa ke zuwa, ƙaguwa ta ja da baya ta shige rami, hasken rana yana rawa a kan ƙafafuna. Ba na jin komai sai numfashina. Ban san na daɗe ba sai da bayana ya ƙage. Da na ɗago ya kalle ni ya ce, "Wannan ai kwatami ne, Yaya." Tun daga ranar ban ƙara ce masa ɗan banza a kan ruwa ba.

Da yamma muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ya riƙa ba mu labarin jiragen. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, a loko, unguwar 'yan reluwe, muka tashi kafin ya yi ritaya, don haka ta nan ya ɓullo mana.

"Kun san matattun taragan nan da ciyawa ta fito ta tagoginsu? To haka jirgin yake, sai dai ya ninka su nesa ba kusa ba, kuma a kan gefe ɗaya yake kwance, ƙofa ta koma rufi. Katantanwa ta lulluɓe ƙarfen ko'ina, in ka taɓa ba safar hannu sai jini. Akwai kicin, har da tukwane a rataye. Akwai ban-ɗaki, wani ƙaton kifi ya mai da shi gidansa, kullum na leƙa sai ya harare ni kamar na zo karɓar haya."

Muka yi ta dariya, ban da Mama. Ta ce, "Mutanen cikin fa?"

"Tun tuni suka fita, Mama. Babu kowa."

Ta juya harshe zuwa yarenmu, abin da take yi ke nan in magana ta taɓa ta. Ta ce gidan da masu shi suka gudu suka bari, mai hankali ba ya shiga.

Bayan 'yan shekaru baƙi suka ɗauke ƙafa, mai jirgin ya sayar da jirginsa, autanmu ya koma cikin masu yankan ƙarfe. Su ba kallo ke kai su ba. Suna sauka cikin mataccen jirgi su ciro tagulla da wayoyi da duk abin da zai yi nauyi a sikeli, daga baya su bi jikin jirgin da kansa suna yanka ana ja sama. Ba su da tulun iska irin na baƙi. Injin iska ake ɗorawa a kwale-kwale, a jona masa dogon tiyo, mutum ya ciji bakin tiyon, a ɗaura masa igiya a ƙugu da guntun ƙarfe don ya ja shi ƙasa. Wani yana sama yana riƙe da igiyar, da ita suke magana. Da na tambaye shi wane irin inji ne, ya sosa ƙeya ya ce irin na masu faci ne.

"Injin faci? Kai taya ne da za a riƙa hura ka da injin faci?"

Ya ce iskar tana ɗan warin mai, amma ana sabawa. Ana sabawa! A zuwan nan kunnensa ɗaya ya riga ya toshe, sai ka zagaya ta dama yake jin ka. Da safe zai zauna a kujerar tsakar gida yana murza gwiwa da kafaɗa, yaron da bai kai talatin ba. Na yi masa tas, Mama ta yi kuka, har ya ɗaga hannu ya yi alkawari ya bari. Ya cika kuwa. Ya kwaso duk abin da ya tara, ya kama gona ta wajen Kachia, ya zuba citta. To, shekarar ce ciwo ya shiga citta. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, in ka tono sai ta narke maka a hannu tana wari. Ba shi kaɗai ba, ƙasar gaba ɗaya ta yi kuka. Amma wasu suna da masara, wasu suna da albashi, shi ba shi da komai sai numfashinsa. Bayan sabuwar shekara ya ɗauki jaka. Mama ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Ni na raka shi tasha a Kafanchan, ya ce, "Kuɗin iri kawai zan haɗa, Yaya, in dawo." Na saya masa gyaɗa da ruwan leda, na tsaya har mota ta tashi.

Ana gab da faɗuwar ruwan farko aka yi wa Baba ƙarami wayar nan.

Kabari ya kammala tun kafin rana ta yi sanyi. Samari sun yi aikin kirki, Allah ya sani, sun ci marmara da diga har hannayensu suka fashe, suka gyara bango sumul. Aka kafa rumfa, aka jero kujerun majami'a, 'yan zumuntar mata suka zo da gangunansu da tulunan kiɗa suka yi ta waƙa, aka dama kunu, aka aika wa kafinta a Kafanchan ya haɗa akwati. Muka zauna muna kallon hanya. Duk ƙarar motar da aka ji sai mata su miƙe su gyara ɗaurin zani. Washegari haka. Kashegarinsa haka. In an buga waya can, sai a ce ana kan ƙoƙari. Kunu ya yi tsami, baƙin nesa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna cewa a kira su in an iso. Mai rumfa ya zo ya kwance abinsa. Maigidana ya shiga mota ya tafi Legas, aka kai shi bakin ruwa, aka nuna masa wani wuri can nesa da yatsa, inda wani baƙin ƙarfe ya ɗan leƙo sama. Ya tsaya ya kalla, ya juyo gida, don babu abin da zai iya yi da kallo.

Wanda ya gaya mana gaskiya abokin aikinsa ne, wani dogon Bayawuri, Musulmi, ya girme shi da kaɗan. Shi ya ɗauko jakar autanmu ya kawo har ƙauye. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin Mama, ya tsuguna, ya yi gaisuwa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Mama, ni nake riƙe da igiyarsa ranar."

Ya ce a ɗakin inji suke aiki, can ƙasan jirgin. Jirgin ya tsufa, tsatsa ta cinye shi, su kuma sun riga sun yanke abubuwa da yawa da ke tallafe da benen sama. Igiyar ruwa ta bugi jirgin, benen ya sauko gaba ɗaya ya rufe hanyar. Yana sama ya ji igiya ta fizge, sannan ta saki, ya ga kumfa tana tasowa, ya san tiyo ya tsinke. Ya ciji nasa ya sauka. Inda ƙofa take babu ƙofa, sai farantin ƙarfe mai kauri, ko hannu ba ya shiga. Ya ciro guduma ya buga.

Mama ta ce, "Ya amsa?"

Mutumin ya dubi ƙasa. Na roƙi Allah a zuciyata ya sa ya yi ƙarya.

"Da farko ya amsa, Mama. Akwai 'yar iska da takan taru a lungun ɗaki, ina jin ita ya samu. Ina bugawa yana bugawa. Na hau na kira mutane, muka sauko da abin yanka, muka yi iyakar yinmu. Daga baya muka buga, shiru."

Wayyo Allah. Na so in tashi in toshe masa baki da hannuna. Me ya sa ba zai ce nan take ya tafi ba? Wa zai kama shi? Har yau ban yafe wa kunnena jin maganar nan ba. Mama kuwa ta miƙa hannu ta dafa kansa ta ce ta gode da bai ɓoye mata ba. Shi kuma ya ce ba a daina yankan jirgin ba, daga sama ake bi ana sauka, ranar da aka kai ɗakin in Allah ya yarda da hannunsa zai naɗe shi ya kawo mata. Wannan alkawari shi ya ɗaure mu.

Bayan ya tafi rigima ta tashi a kan ramin. Baba ƙarami ya tara dattawa suka ce ba a barin kabari da baki buɗe, tun kakanni in gawa ta gagara samuwa kututturen ayaba ake sarowa a naɗe da rigar mamacin a binne. Fasto ya ji labari ya hau babur ya zo ya ce ba a gidan masu bi ba. A mai da ƙasa kawai, a yi sujadar tunawa a majami'a, Ubangiji ya san inda kowane nasa yake kwance. Suka yi ta ja, har Baba ƙarami ya ce wa Fasto tun ba a haifi ubansa ba ake binne mutane a garin nan. Mama tana zaune a kan turmi tana jin su. Da suka gaji ta dubi Baba ƙarami ta ce, "Ni ban haifi ayaba ba." Ta dubi Fasto ta ce, "Baba Fasto, ana rufe ɗaki mai ɗaki yana hanya?" Aka samo tsohon kwanon rufi aka rufe bakin ramin, aka danne da duwatsu. Akwatin kuma aka ɗora shi a kan rumbu, daga baya da wata tsohuwa ta rasu a unguwar sama suka zo aro, ba su dawo da wani ba.

Sai damina ta sauka. Wanda ya san ruwan ƙasarmu ya san kwano ba ya tare shi. Ta gefe yake shiga, ta ƙasa yake tsatsowa. Wata Asabar na zo daga Kafanchan na leƙa ɗaki ban ga Mama ba, na zagaya bayan rumbu sai na ga an janye kwano, tsanin rumbu yana cikin ramin. Tsohuwa tana ƙasa, ruwa har gwiwarta, tana ɗiba da ƙwarya tana zubawa a bokiti.

"Mama! Me zan gani haka? Fito, don girman Allah!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Karɓi bokitin ki zubar. Ba zai fito daga ruwa ya sake shiga ruwa ba."

Na karɓa. Me zan yi? Ashe tun ruwan farko take yi, duk safiyar da aka kwana da ruwa. In bango ya zube ta kwaɓa laka ta liƙe. In kwaɗi sun faɗa ta tsince su ta jefo waje. Samari sun so su taimaka, iyayensu suka hana, wai ba a shiga kabari sau biyu. Maƙwabta suka daina bi ta bayan gidanmu, aka hana yara zuwa ɗibar mangwaro. Ƙafafunta suka kumbura, tsakanin yatsunta ya ruɓe, tari ya kama ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ɓoye tsani a gidan Baba ƙarami, ta je ta jawo abinta da kanta. Wata rana haushi ya ci ni na ce, "Mama, so kike ke mu binne a ciki?" Ta ce da hakan ya fi mata sauƙi. Na zauna a kan tsibin ƙasar na yi kuka har na gode Allah, ita kuma tana miƙo bokiti.

Ni ma ban kasance daidai ba a watannin nan. Na daina zuwa kwaya, don in na buɗe baki zan yi waƙa sai in ji numfashina ya tsaya. In ana ruwa da rana ina cikin aji, sai in bar alli a hannu in yi ta kallon taga, ina tunanin ramin yana cika. In mai faci ya tayar da injinsa a bakin titi sai in sauya hanya. Addu'ata ta ƙanƙance ta koma abu ɗaya. Ban ƙara roƙon a dawo mini da ƙanena ba, ƙasusuwansa kawai nake roƙo, ko kaɗan ne, abin da zai cika zani ɗaya, don tsohuwar nan ta fito daga rami. Masu ta'aziyya kuwa, Allah ya shirye su. Wata mai tumatir a kasuwar Kafanchan ta kama hannuna ta ce, "Sai haƙuri, Malama, ai gwanin ruwa shi ruwa kan ci." Saura ƙiris in kife mata tire. Wato mun ji daɗi ke nan, karin magana ta cika a kanmu.

Bayawurin nan bai yar da mu ba. Yakan kira jefi-jefi. Wani lokaci ya ce teku ta yi fushi, ba a fita. Wani lokaci ya ce an cire bene ɗaya, saura kaɗan. Duk abin da ya faɗa nakan kai wa Mama, ita kuma ta ɗauka ta ƙara a kan ƙarfinta ta koma rami.

Damina ta kusa ƙarewa, dawa ta fara fitar da kai, Bayawurin ya kira ni ana tsakiyar hutun tara a makaranta. Daga sallamarsa na gane.

"Yaya, mun kai ɗakin."

Na jingina da bango.

Ya ce da suka ɗaga farantin sai suka tarar guguwar damina ta riga ta fasa jirgin ta ɗaya gefen, wanda ba sa gani. Ruwa ya daɗe yana shiga yana fita yadda ya ga dama, yashi ya cika rabin ɗakin. Ya tona da hannunsa lungu-lungu, ya koma washegari ya sake tonawa. Guntun tiyo ya samu da guduma. Ban da su babu komai. Abin da ya rage na jirgin ma za a gama kwashe shi kafin rani. Sai ya ce, "Na yi wa Mama alkawari ban cika ba. Ki roƙar mini gafararta."

Ban koma aji ba, na hau mashin. An yi ruwa mai yawa da asuba, hanya duk taɓo. Na same ta a bakin ramin ta janye kwano, ƙwarya a hannu, ƙafarta ɗaya a kan tsani. Ruwan ya wuce rabi, ja kamar an jiƙa kanwa da jar dawa. Na kama hannunta na gaya mata da yarenmu, ban rage komai ba, don na san ba za ta yafe ragi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke ƙafarta daga tsani, ta zauna a ƙasa cikin laka, ta kifa ƙwaryar a gefenta. Can ta ce, "Ki kira Baba ƙarami. Ki kira Fasto. Kada kowa ya kwashe ruwan nan."

Na ce, "Mama, a bari samari su kwashe tukuna, sannan a rufe."

"Ruwa ne ya riƙe shi. Abin da ke gare mu ke nan. Shi za mu binne."

Washegari aka taru. Ba rumfa, ba kunu, mutane kaɗan. Fasto ya leƙa ramin ya dubi Mama, na ga bakinsa ya motsa zai yi magana, sai ya fasa ya buɗe littafinsa. Ya yi karatu, ya yi addu'a, 'yan zumunta suka ɗauki waƙa a hankali. Ya damƙi ƙasa ya jefa. A kowane biso da na taɓa zuwa, ƙarar ƙasar farko a kan akwati ita ke fasa kukan mata. A nan sai muka ji tsulum. Babu wadda ta san ko lokacin kuka ya yi. Muka tsaya muna kallon juna.

Samari suka sa shebur. Duk shebur ɗaya sai laka ta fantsamo mana a zani da fuska, farar rigar Fasto ta ɓaci har wuya. Ƙasa tana shiga ruwa yana tasowa, har ya cika ya tumbatsa ya bi ta tsakanin ƙafafunmu ya gangara tsakar gida. Babu wanda ya matsa. Ƙasar da aka tono tun farko damina ta wanke fiye da rabinta, ba ta isa ba, sai da aka yi ta jigila da baro daga gona. Ko da aka gama wurin bai tsaya ba, in ka taka sai ya lotsa. Aka saro ƙaya aka shimfiɗa a kai don kada awaki su nutse. Baba ƙarami ya tsaya riƙe da hularsa, ya tsufa a yini ɗaya, ya juya ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Da mutane suka watse na zaunar da Mama a ƙofar ɗaki, na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na sa ƙafafunta a kwano ina wanke mata laka daga tsakanin yatsu. Tana kallon bayan rumbu. Can ta ce, "Ke da kika yi karatu. Ruwan can ɗin, yana da sanyi?"

Na so in ce mata a'a, na fasa. Na ce, "Ban sani ba, Mama. Ban taɓa ganin teku ba."

Ta gyaɗa kai.

"Shi fa ba ya jure sanyi," in ji ta. "In na gama dukansa, sai na hura masa wuta yake daina karkarwa."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke mata ƙafa.